Wanda Ya Ɗauko Ƙwallon Daga Raga

A kan bencin jiran likitan ƙashi, wani direba ya ɗago daga wayarsa, ya juyo ga dattijon da ke gefensa, mai karkatattun yatsu.

"Baba, ka ji rainin hankali? Wai gwanin gwanayen duniya ɗan ƙwallon kwando ne. Wasan da ake ci ɗari a zama ɗaya, ina wahalar take? Ai gwani sai ɗan ƙwallon ƙafa, mai zura ta a raga."

"Kai ma rainin hankalin kake yi," in ji dattijon. "Kullum mai ci, mai ci. Gola fa? Ya tare goma ba mai tunawa, ya saki ɗaya a zage shi har iyayensa."

"Haba Baba, gola ai wanda bai iya gudu ba ake turawa. Ina yaro mahaifina ya kai ni wasan ƙarshe na kofin garin nan, wanda aka buga cikin ruwan sama. Ɗan gaba ya yanke mutum uku, ya auna kwana, golan ya zube kamar buhu. Wannan shi ne gwani."

"Ƙarya ne, ba kwanar da ya auna. Ƙafar ɗan bayanmu ta taɓa, ta canja hanya."

Direban ya ajiye wayar. "Ɗan bayanku?"

Dattijon ya dubi yatsunsa. Magana zarar bunu, ta riga ta fita.

"Kuna can kun ɗaga shi sama kuna ihu. Ni na shiga raga na ɗauko ƙwallon."