Zoben Dankali

A tashar bas ta Barnsley, wata tsohuwa ta tsura wa saurayin da ke gefenta ido. Ya zura soyayyun zobban dankali a yatsunsa, yana ci ɗai-ɗai.

"Ɗan nan, mai wane ɗanɗano ne?"

"Mai ɗanɗanon nama, Mama."

"Tir! Mai gishiri zalla shi ne na asali, da shi muka tashi. Ina za ka haka da kwalliya?"

"Yau zan nemi budurwata ta aure ni. Zoben da na saya mai araha ne, kunya nake ji."

"Araha? Marigayi mijina Clifford da irin wannan na yatsanka ya nemi aurena, a cikin bas."

"Haba! Kuma kika yarda?"

"Sai da na cinye shi tukuna, yunwa nake ji. Daga nan duk shekara sai ya zura min wani, wai ya ga ko zan bar shi ya kwana."

"Kin taɓa bari?"

"Na ƙarshen yana nan cikin akwatina." Ta miƙa hannu. "Zura min ɗaya mana, marowaci. Ko da mai naman ne."