A Bar Yara Su Fara Ci

Shugaban taro, dattawanmu masu riƙe da sarautun gidaje, Fasto da uwargidansa, 'yan uwana matan kwamitin ƙauye, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku da gaisuwar girma. Na gode da kuka ba ni dama. Ku gafarce ni in kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya, tun ranar Litinin hankalina bai kwanta ba.

Kun san jikata Sinalei, 'yar shekara tara. Kowa ya gan ta sai ya ce, "Mafa, kin iya kiwo," ni kuma in yi ta washe baki. To, ranar Litinin na kai ta awo asibitin Apia, babban birninmu. Kilo hamsin da takwas. Malamar asibiti ta ce ciwon suga ya kusa kama ta. Na ɗauka batun abinci za ta yi, sai ta ce, "Iya, ƙarfe nawa take kwanciya?"

Nan take na shiga lissafi.

Na farko, ku lissafa tare da ni. An busa ƙahon addu'ar yamma, an idar. Mu manya mu zauna kan gwaza da kifi, yara na yi mana fifita, suna miƙo ruwan wanke hannu. Sai mun tashi su ci, sai wanke-wanke, sai aikin makaranta, sai ƙarfe sha ɗaya. Ƙarfe biyar mu tashe su sharar ganye. Barcin awa shida ke nan, alhali tara ce mafi ƙaranci ga yaro. Malamar ta ce yaron da bai ƙoshi da barci ba yunwa ba ta sakinsa, zaƙi yake nema, maiƙo yake nema, ga kasala ta hana shi guje-guje.

Na biyu, na kai wa maigidana Leota maganar. Ya ce, "Haka kakanninmu suka yi, me ya same su?" Na ce, "Kakanninka na da lantarki? Rana na faɗuwa sun ci sun kwanta. Kai kuwa sai an kashe talabijin kake tuna tukunya." In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ina tsoro, jama'a, ina tsoro ƙwarai. Yayata Tupe da ƙafa ɗaya muka binne ta, suga ya ci ɗayar. Ba zan zuba ido in ga an auna wa Sinalei sanda ba.

Ban ce a zubar da ladabi ba. Roƙona ɗaya: yara su fara ci, su kwanta ƙarfe takwas. A gidana an fara daga yau. Maigida, ga ka nan cikin dattawa, ka ji da kunnenka: za ka tarar da maficin a gefen tabarmarka, hannu biyu Allah ya ba ka.

Ubangiji ya raya mana yaran nan da ƙafafunsu biyu, ya ba su barci mai daɗi, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.