Bayan da Ya Tare Rufi

Wa a cikinku ya taɓa ganin rana ta ɓace da azahar? Mu mun gani.

Ranka ya daɗe Mai Gari, Allah gafarta Malam Liman, iyayenmu, Inna da 'ya'yan marigayi, salamu alaikum. An ce in yi magana a hankali. Zan gwada.

Ya kasance mutumin da ƙarar injin niƙa ta cinye wa kunne, gaisuwa ma da ihu yake yin ta. Ya kasance in ka kai masa hatsi da tsakuwa a ciki sai ya ce, "Girki za ku yi a gidanku ko gini?" Baba Inji ke nan. Mun yi masa dariya, mun ci daga hannunsa.

Ranar, gabas ta yi baƙi ƙirin, kaji suka shige akurki, sannan iska ta iso. Mun ga kwanon rufi yana shawagi kamar takarda. Bishiyar bakin kasuwa, wadda kakanninmu suka tarar, ta kwanta saiwa a sama. Subhanallahi! Mutum na kiranka kusa da kai, bakinsa kawai kake gani.

Mata da yara suka ruga ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma, shi kaɗai ne mai rufin siminti a garin nan. Kwaɗo a ƙofa. Suka yi ta dukan ƙarfe. Baba ya fito cikin ruwa, fari fat da gari, ya kora su rumfarsa. Da ginshiƙi ya karye, ya sa baya ya tare katakon rufi. Ƙanwata tana ciki. Ta ce yana ta ihu: "Ku rarrafa! Mai goyo, ke ce farko! Kar wadda ta tsaya ɗaukar kwano!" Duk suka fice, suka laɓe jikin katanga. Shi bai fito ba.

Inna, ɗaga kanki. Yaran nan da ke zaune gabanki, mijinki ne ya bar mana su.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙuri.

Amma ban zauna ba tukuna. Da iska ta lafa mun fasa kwaɗon nan. Ɗakin fayau, ko buhu babu. Shugaban ƙungiya, ga ka nan a sahun gaba, makulli yana hannunka. Ba a zaure ba, ba gobe ba. Tashi nan ka gaya wa Inna: me aka kulle?