Baƙin Ƙonni sun daina sauka a shagona

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Tun azumin bara nake haɗiye wannan magana, yau dai sai na faɗe ta.

Kayan gyaran injin ban ruwa nake sayarwa a Illela. A garinmu, baƙo daga Ƙonni ba ya neman shago da kansa, ɗan kabu-kabu yake tambaya. Shi ya sa na daɗe ina saya wa 'yan kabu-kabu shayi, su kuma suna sauke mini baƙi.

Sai maƙwabcina Garba, wanda ni na koya masa sana'ar, ya sa shagonsa a intanet. Ya biya talla, ya sa hoto, ya rubuta sunayen kaya har da Faransanci, yadda mutanen Ƙonni ke nema a waya. Ya ce in yi, na ce da karatuna ba zan riƙa tallar kaina kamar mai maganin gargajiya ba.

Ranar kasuwa na tare wani ɗan kabu-kabu, na ce, "Bello, shayina ya tashi a banza ke nan?"

Ya ce, "Baba, mi zan yi? Baƙo ya nuna min hoto a waya, ya ce nan zan kai shi."

Ina jiyo dariyar Garba ta bayan bango, kuma wallahi ba na taya shi murna. Ku ba ni shawara. Ko Alhaji Isufu na Ƙonni, da ke sayayya a wurina tun muna samari, yanzu a ƙofar Garba yake sauka.