Mantuwar Malam Iro

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni ce Saude daga Tsiga.

Kwanakin baya 'yata ta kunna mana wani fim na barkwanci a wayarta, mu shida a tsakar gida. Wasu mata ne suka tashi tara wa marayu kuɗi. Suka soya ƙosan sayarwa, akuya ta cinye, suka bi ta da gudu har kasuwa. Mun yi dariya har da hawaye. Sai na tuna maƙwabciyarmu Lantana, wadda mijinta ya rasu da damina, ya bar mata yara huɗu.

Mu ba mu da kuɗi, amma kaka ce. Muka shiga gonakin da aka gama girbi muna kala, muna tsintar masarar da ta zube. Malam Iro, mai gonar bakin rafi, ya fi kowa yi mana dariya. Ya ce, "Hajiya, fim ɗin ne ya hau kanku?" Raina ya ɓaci, amma ban tanka ba.

Washegari da muka shiga gonarsa, sai ga tulin masara a ƙarƙashin kara, ya kusa buhu guda. Na je na faɗa masa. Ya kau da kai, wai mantuwa ce, tsufa ya kama shi.

Yanzu rumbun Lantana ya kusa cika. Masu sauraro, ku ba mu shawarar yadda za mu adana ta kada ƙwari su ci. Ina gaida matan unguwarmu. Kai kuma Malam Iro, Allah ya ƙara maka irin wannan mantuwa.