Zumar Shinkafi

Jarkar zuma biyu, ƙullin kaya, waya a hannu. Da su wata dattijuwa ta shigo motarmu a tashar Ƙaura. Jin saurayin gefenta na aikin intanet, ta miƙa masa wayar.

"Ɗana ya buɗe mani shafin sayar da zuma, amma shiru."

Ya duba. "Inna, ƙididdigar shafin ta nuna mutane na shigowa. Da sun ga adireshin Shinkafi sai su fice, tsoron 'yan bindiga suke. Ki sa Gusau."

"In yi ƙarya? Kai ɗan ina ne?"

"Zurmi. Amma in ina Abuja, Kaduna nake cewa."

Ta karɓe wayarta. Direba ya rufe ƙofa.

"Zumar Shinkafi ce, yaro. Ba ni goge sunan."