Jirgin Yaƙin da Ya Hana Ni Ɗaga Kiran Matata

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Iliya. Gyaran firiji nake yi a Karu, gidana kuma a Masaka. Ku yi haƙuri in muryata ta tashi yau, don har yanzu raina a ɓace yake.

A cikin cunkoson Mararraba abin ya soma. Wani da ke kusa da ni a bas yana wasan yaƙin jiragen ruwa a wayarsa, ya ce, "Oga, kyauta ne, sauke kawai." Na sauke.

Kyauta? Ƙarya ce tsagwaronta!

Da farko sun ba ni ƙaramin jirgi, duk yaƙin da na ci in samu azurfa. Da suka ga na kamu, sai suka riƙa haɗa ni da manyan jirage masu nutsar da ni kafin in yi harbi biyu. Gyara kuwa, ko ka jira awa takwas, ko ka ba da zinariya, ita kuma da naira ake sayenta. Ka saya, su ce igwarka sai da ƙarfe za ta ƙara ƙarfi. Ka tara ƙarfen, su ce saura wani kati. Kuɗi iri-iri, don kada ka taɓa gane abin da ya fita daga aljihunka. Masu ilimi ne fa suka zauna suka tsara wannan tarkon, da gangan!

Wata Asabar aka sa gasa, ladanta babban jirgi mai ɗaukar jiragen sama, za a rufe ƙarfe huɗu na yamma. Matata Rahila tana da cikin wata tara. Na ce mata aiki ya yi mini yawa. Na je shago, na kulle kaina ciki.

Ina tsakiyar yaƙi kiranta ya shigo, ya rufe mini fuskar waya. Na katse. Ta sake kira, na katse. Sau tara, 'yan'uwa! Har tsaki na yi.

Ƙarfe huɗu na ci jirgin. Ina murna sai ga kira daga baƙuwar lamba.

"Kai ne mijin Rahila? Dije ce mai nono. Ka zo asibiti yanzu."

Dije Bafulatana ce da ke kawo mana nono. Ita ta tarar da Rahila a bakin ƙofa cikin jini, ta tari keke napep ta kai ta asibiti. Na isa an riga an shiga da ita ɗakin tiyata. Dije ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni ƙwaryar nonona na yar a ƙofar gidanka. Kai me ka riƙe da ka kasa ajiyewa?"



Sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga wasan: wai barka Kyaftin, in sayi zinariya in zuba wa sabon jirgina jiragen sama, akwai rangwame na minti talatin. Ashe fanko suka ba ni! A kan fankon jirgi na bar matata tana kiran sunana!

Na zube a barandar asibitin, mutane na wucewa, ban damu ba. Na ce, "Yesu, na zama bawa, kuma ni na kai wuyana. Kada Rahila ta biya wautata. Ka kwance ni!" Ina durƙushe na goge wasan.

Can nas ta fito ta ce uwa da jaririya duk suna da rai. Haleluya!

Na gaya wa Rahila gaskiya duka. Kwana uku ba ta ce mini uffan ba, kuma ta fi ni gaskiya. A rana ta huɗu ta miƙo mini yarinyar ta ce, "Riƙe ta da hannu biyu."

Wata bakwai ke nan. Sha'awar takan taso, ba zan ɓoye muku ba, amma in na kira sunan Yesu sai ta kwanta.

Na gode wa Ubangiji da bai yi mini gwargwadon aikina ba. Kai da ke zaune nan, wayarka na motsi a aljihu, zuciyarka na can, kada ka jira sai ka durƙusa a barandar asibiti. Ka kawo Masa yau. Zai kwance ka. Amin.